Tsofaffin fayilolin wasa da suka ƙi buɗewa: sun lalace ne, ko mai karanta su ne ya ɓace?

"Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Tawa ne. Yayana, Allah ya jiƙan shi, ya riƙe gidan wasan Play da ordinater a unguwarmu tun wajen 2007. Bayan rasuwarshi na ishe cikin wani kwali tsohon disk dur, da kart memuwar biyu na Play 2, da sede masu yawa. Na haɗa disk ɗin da ordinater ɗina, yana buɗewa, amma fishiyoyin da ke ciki ba wanda ke buɗewa. Akwai masu .afs, .img, .wad, .mix, .bik, da wani marar wutsiya mai suna KONAMI-WIN32PES6OPT. Wani mai gyara ya ce mani duk sun lalace, in bari shi yi format in samu wuri. Ni abin da nike nema shi ne PES ɗin, wasan ƙwallon nan, da yaya ya sa ƴan Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, a ciki da hannunshi. Sun lalace da gaske, ko akwai dabara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan yaya, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin komai: kada ka yarda a yi format ɗin nan. Ka cire disk ɗin daga kwamfuta, ka ajiye shi inda ba rana ba ƙura, sai ka gama karanta wannan.

In na fahimce ka, tambayarka biyu ce a dunƙule. Ta farko, shin fayil ɗin da Windows ta kasa buɗewa ya lalace ke nan? Ta biyu, a cikin tarin nan, ina ainihin aikin hannun yayanka yake, kuma ta yaya za a tashe shi? Amsar ta farko a'a ce, kusan kullum. Ta biyu kuwa, abin da kake nema mai yiwuwa shi ne wancan marar wutsiyar da ya fi kowanne kama da shara.

Na shekara ina gyaran kwamfuta a nan Yamai, kuma kafin nan ni ma na taɓa riƙe ɗakin wasa, na san zaman manet huɗu da yara ashirin a layi. Abin da zan faɗa maka daga nan yake.

Takarda lafiya lau, makarancin ne babu

Ka ɗauka ka tsinci wasiƙar kakanka a cikin adaka, rubuce da ajami. Ka miƙa wa yaron da boko kaɗai ya yi, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce maka zane-zane ne kawai. Ko kuma a can wajenku Tawa a nuna wa baƙo rubutun tifinag na Buzaye a jikin dutse. Rubutun bai yi komai ba. Wanda aka ba shi ne bai iya ba. Haka Windows take da fayilolin nan. Ita ba ta leƙa cikin fayil ta gane shi. Wutsiyar sunansa take kallo, haruffa ukun nan na bayan ɗigo, sai ta duba ko tana da manhajar da aka rubuta wa wannan wutsiya. In babu, ta ce ba ta san shi ba. In kuma akwai wadda ta yi kama, ta miƙa mata, waccan ta kasa, sai a ce maka fayil ya lalace.

Ina kyautata zaton abin da ya ruɗi mai gyaran naka ke nan. Tun daga Windows 8, in ka danna fayil mai wutsiyar .img sau biyu, sai ta ɗauke shi hoton faifan sede ne, ta yi ƙoƙarin ɗora shi kamar an zura faifai. Amma gta3.img na wasan GTA ba faifai ba ne ko kaɗan, buhu ne da aka cusa motoci da gidaje da mutanen wasan a ciki. Sai Windows ta fito da saƙon cewa hoton faifan ya lalace. Ba ƙarya ta yi da gangan ba, tambayar da ba ta dace ba ta yi wa fayil ɗin. Wutsiya ɗaya, abubuwa goma: .img, .dat, .bin, .pak, duk sunaye ne da kowane kamfani ya ɗauka ya liƙa wa nasa, ba wanda ya nemi izinin wani.

Me ya sa kowa ya ƙirƙiro nasa?

Ba son wahalar da mutane ba ne, talaucin na'ura ne. A farkon shekarun 1990 faifan disket yana ɗaukar mega 1.44 kacal, DOS kuma, tsarin kwamfuta na kafin Windows, tana ba shiri kilo 640 na ƙwaƙwalwa ya yi duk abin da zai yi. Allon wasannin lokacin ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye, wato ɗigo 64,000. In aka ba kowane ɗigo okte uku don ya faɗi launinsa cikakke, hoto ɗaya ya cinye okte 192,000. Okte, ga wanda bai saba ba, shi ne ƙwayar ma'aunin nan da ke ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Sai masu wasanni suka yi irin dabarar mai rini: a jera launi 256 a jadawali guda, kowane ɗigo ya riƙe lambar launinsa kawai. Hoto ya dawo okte 64,000. Amma ka lura da abin da wannan ya haifar: hoton yana wuri ɗaya, jadawalin launinsa yana wani wuri. Wanda ya ciro hoton yau ba tare da jadawalin ba, zai ga mutum da koriyar fuska da jan sama, ya rantse fayil ya lalace.

Sannan tsare-tsaren da muke taƙama da su yau ba su nan, ko ba su yaɗu ba. PNG sai 1996 ya fito. Hanyar matsewa ta zlib 1995. Wanda ke rubuta wasa a 1992 dole ya sassaƙa nasa. An yi ƙoƙarin haɗa kai: kamfanin Electronic Arts ya fitar da tsarin IFF a 1985, inda kowane yanki na fayil yake fara da suna mai harafi huɗu da tsawonsa, don shirin da bai gane yankin ba ya tsallake shi. Daga wannan tunani aka samo RIFF a 1991, wanda shi ne uban WAV da AVI da muke amfani da su har gobe. Amma yawancin masu wasa gaggawa suke yi, kowa ya yi abin da zai sa nasa ya gudu.

Da sede ya zo, wuri ya samu, sai wata matsala ta taso: idon da ke karanta faifan yana da nawa wajen tsalle daga wuri zuwa wuri. Buɗe ƙananan fayiloli dubu ɗaya-ɗaya sai ya sa yaro ya yi barci da manet a hannu. Maganin shi ne a tara su duka a buhu guda, a jere, a rubuta jadawalin inda kowane yake. Asalin .afs da .img da .wad da .mix ɗinka ke nan. Dukansu buhuna ne. Ɗinkin bakin ne ya bambanta.

Yadda ake ɗinka buhun

Bari in buɗe maka WAD, don shi ya fi sauƙin gani, kuma in ka gane shi ka gane rabin sauran. Na wasan Doom ne, wanda kamfanin id Software na Amurka ya saki a Disambar 1993. Okte goma sha biyun farko su ne kan fayil ɗin. Huɗun farko haruffa ne, ko dai IWAD, wato ainihin wasan, ko PWAD, wato ƙarin da wani ya yi. Huɗu na biyu suna faɗin ƙunshi nawa ne a cikin buhun. Huɗu na uku suna faɗin inda jadawalin yake. In ka je jadawalin, kowane layi okte 16 ne: huɗu na inda ƙunshin ya fara, huɗu na girmansa, takwas na sunansa. Shi ke nan. Daga nan za ka ga PLAYPAL, wanda shi ne jadawalin launin da na ambata, za ka ga taswirori, da ƙarar bindiga, da kiɗa.

Akwai wata ƴar gargada da ke kayar da masu koyo: injinan Intel suna rubuta lamba ne daga ƙaramin ɓangare zuwa babba. In ka ga E8 03 00 00, ka juya shi, 03E8 ne, wato 1000. Injinan Motorola na kwamfutar Amiga kuma akasin haka suke yi. Na taɓa kwana ina zargin wani fayil da lalacewa, ashe ni ne nake karanta shi ta baya.

Sauran duk ƴan gida ɗaya ne da ɗan bambanci. Na Quake, 1996, yana fara da PACK. Na Duke Nukem 3D yana fara da sunan wanda ya rubuta injin wasan, KenSilverman, harafi goma sha biyu cif, ya sa hannu kamar tela a wuyan riga. Zuwa Quake III a 1999 sun gaji da ƙirƙira, .pk3 ɗinsu ZIP ne tsantsa aka canza masa wutsiya. Ka mayar da ita .zip ya buɗe. Haka ma wasannin .jar na tsofaffin salular Nokia da muka riƙa tura wa juna ta Bluetooth a fada, ZIP ne.

Darasin aiki a nan shi ne ka daina yarda da wutsiya, ka riƙa leƙa goshi. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, HxD, da ke nuna maka okten fayil ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe kwafi da ita, ka kalli layin farko kawai. In ka ga AFS, ko VER2, ko BIK, ko IWAD, to fayil ɗin yana gaya maka sunansa da bakinsa, kuma alama ce mai kyau cewa aƙalla kansa lafiya. In kuwa ka ga sifili zalla shafi bayan shafi tun daga farko, ko FF FF har ƙarshe, wannan ne lalacewa ta gaskiya.

Ka kiyaye abu ɗaya, don ni ya ci ni. Shekarun baya na buɗe fayil ɗin ajiyar wani abokin ciniki da Bloc-notes don in leƙa, hannuna ya kai kan adanawa bisa sabo. Manhajar rubutu ce, sai ta mayar da okten sifili zuwa tazara, ta rubuta a kan na asali. Girman fayil bai wani canza ba, amma wasan ya ƙi karɓarsa har abada. Kakar Master League, doguwar gasar cikin PES, ta wata da watanni ta tafi a daƙiƙa ɗaya, kuma ba ni da kwafi. Mutumin bai zage ni ba, wanda ya fi zagin ciwo. Tun ranar ba na taɓa na asali.

Me ya sa wasu suka mutu, wasu suka rayu

Tsarin fayil yana mutuwa ne ranar da shirin ƙarshe da ya iya karanta shi ya daina tashi. Westwood, masu Command & Conquer da fayilolin .mix, an rufe su a 2003. GTA III da Vice City da San Andreas an gina su a kan injin RenderWare na kamfanin Criterion. Electronic Arts ta sayi Criterion a 2004, Rockstar, masu GTA, ta koma nata injin, sai .dff da .txd, fayilolin siffofi da hotunan wasannin, suka zama kayan tarihi. Konami, masu PES, ta bar AFS ta koma CPK daga PES 2014. Windows mai 64 bit ba ta tada shirye-shiryen DOS kwata-kwata, kuma Windows 10 ta daina karɓar makullin SafeDisc da ke kan sede da yawa na farkon shekarun 2000, har wanda ya sayi faifansa na halak ya rasa yadda zai yi.

Doom kuwa ya fi su duka tsufa, amma ya fi su lafiya, saboda masu shi sun saki rubutun shirin ga kowa a 1997. Yau ka ɗauki WAD ɗinka ka ajiye kusa da Chocolate Doom ko GZDoom, ya tashi, har a salula. Ba ƙarfin tsarin ba ne ya cece shi, yawan waɗanda suka iya karatunsa ne. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da bincike a 2023 cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka saki a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Abin da ya rage yana raye, yawanci ƴan sa-kai ne suka zauna suka warware ɗinkin buhunan da hannu.

Kayan cikin kwalinka, ɗaya bayan ɗaya

Masu sauƙin tukuna. Fayilolin .bik bidiyo ne na tsarin Bink, irin majigin da ke fitowa a farkon wasa. VLC na buɗe su kai tsaye. Na .wad na riga na faɗa, kuma in kana son ganin cikinsa akwai SLADE. Na .mix sun fi taurin kai, don ba sa ajiye sunayen abin da ke ciki, sai wata lamba da aka lissafo daga sunan, kuma a Red Alert na 1996 har jadawalin aka kulle da wani makulli mai suna Blowfish. Amma an daɗe da warware su: XCC Mixer na buɗe su, OpenRA kuma na tada wasan da su. Na .img, in San Andreas ne za ka ga VER2 a goshi. In Vice City ne ko GTA III, jadawalin yana cikin wani fayil dabam mai wutsiyar .dir, kuma in ka raba su ka raba kwarya da murfinta. Duk waɗannan, gaskiya, ko sun ɓace ba a yi asara mai yawa ba. Akwai irinsu miliyoyi a duniya, kuma wasu ana sayar da su da izini a shagon GOG an riga an haɗa su da DOSBox, manhajar da ke tada wasannin DOS.

Wanda babu irinsa a duniya shi ne aikin yayanka, don haka bari in daɗe a kan PES.

Pro Evolution Soccer 6 ya fito a ƙarshen 2006, kuma a ɗakunan wasanmu ya ƙi mutuwa shekaru bayan an yi sababbi, saboda yana gudu a kan tsohuwar kwamfutar da sababbin ke shaƙewa. Duk wanda ya yi zamanin ya san dokar da ba a rubuta ba, cewa ba a ɗaukar Inter sai an yi yarjejeniya, don Adriano na da ƙarfin bugu 99. Ba Mena a cikin wasan. Ko Liverpool ma Merseyside Red ake kiranta, don ba a sayi izinin sunan ba. Saboda haka gyaran ƙungiyoyi ya zama sana'a. Da Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a filin Seyni Kountché a Oktoban 2010, Moussa Maazou ya ci, sannan ta samu gurbin gasar cin kofin Afirka ta 2012 karon farko a tarihi, ba mai ɗakin wasan da yara ba su dame shi ba a sa masu ita. Ina jin a wannan lokaci yayanka ya zauna ya yi nasa.

Aikin irin wannan yana iya zama a wuri uku, kuma sai ka duba duka.

Wuri na farko shi ne wancan KONAMI-WIN32PES6OPT. Shi ne fayil ɗin zaɓuɓɓuka, inda wasan ke ajiye duk abin da aka gyara daga ciki: sunayen ƴan wasa, ƙarfinsu, tsayinsu, lambar riga, wa ke wace ƙungiya, sunan ƙungiyar da tambarinta. In yaya ya ɗauki wata ƙasa ko wani kulob ya sake masa suna Nijar, ya rubuta ƴan wasa ɗaya-ɗaya da manet, a nan suke kwance. Ba shi da wutsiya don ba a yi shi domin Windows ta buɗe ba, wasan kaɗai ke nemansa, a cikin dosiyen Documents, ƙarƙashin KONAMI, sai Pro Evolution Soccer 6, sai save, sai folder1. In ka buɗe shi da HxD ba za ka ga sunan kowa ba, sai hargitsi, don a cakuɗe aka rubuta shi kuma da lissafin tantancewa; canza okte ɗaya da hannu ya isa wasan ya ƙi shi. Wannan hargitsin ba lalacewa ba ne. Ka duba ko akwai wasu fayiloli kusa da shi masu fara da KONAMI-WIN32PES6, waɗannan ajiyar gasa ce da ta Master League, ka kwashe dosiyen gaba ɗaya.

Wuri na biyu shi ne cikin 0_text.afs. Sunan na yaudara, ba rubutu kaɗai ke ciki ba: riguna, fuskoki, ƙwallaye, filaye, duk suna nan. AFS tsarin wani kamfanin Japan ne, CRI Middleware. Kansa haruffan AFS ne da sifili, sai adadin ƙunshi, sai jeri na inda kowane ya fara da girmansa. In ka buɗe na PES da AFS Explorer ko DKZ Studio, za ka tarar da dubban ƙunshi masu suna irin unknow da lamba, ba abin da zai gaya maka wannan rigar Kamaru ce ko ciyawar fili. Masu gyara da lamba suka haddace su. Yawancinsu kuma a matse suke da zlib, sai an warware kafin hoto ya fito. Sautin da ke cikin 0_sound.afs da na masu sharhi ADX ne, shi ma na CRI, kuma VLC na iya kunna shi in ka ciro. Wahalar gyaran AFS ita ce in sabuwar riga ta fi tsohuwar girma, ba ta shiga gurbin, sai an sake ɗinka buhun duka don duk lambobin jadawalin sun gusa. Mutane da yawa sun kashe wasansu a nan. In yaya ta wannan hanya ya bi, to .afs ɗin da ke disk ɗin ba irin na kowa ba ne, nasa ne, kuma sake saka wasan daga sede zai rubuta a kansa ya shafe aikin.

Wuri na uku shi ne wanda nake maka fatan samu. Saboda wahalar da na faɗa, aka yi wani ƙari mai suna Kitserver, wanda ke sa wasan ya ɗauko riguna daga dosiye na waje maimakon cikin buhu. Ka duba cikin dosiyen wasan ko akwai kitserver, a ciki GDB, a ciki uni. In akwai, rigunan hotunan PNG ne na yau da kullum, kana dannawa za ka ga lemo da fari da kore a gabanka, ko wasan bai tashi ba. Wani fayil map.txt ne ke haɗa lambar ƙungiya da dosiyen rigarta.

Ukun nan tare suke aiki. Fayil ɗin zaɓuɓɓuka na cewa ƙungiya mai lamba kaza sunanta Nijar. Buhun ko Kitserver ne ke ba ta riga. In ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya, za ka ga Maazou sanye da rigar wata ƙasa.

Yadda ni zan yi in disk ɗin na hannuna

Kwafi tukuna, na komai, ba zaɓe. Disk ɗin da ya sha zafin Afrilu da ƙurar hunturu na Adar shekara goma sha wani abu a kwali, kowane kunnawa bashi ne. In yana karantuwa lami lafiya, ka kwashe shi duka zuwa wani disk, sannan ka sake kwafin kwafin. In ka ji yana ƙas-ƙas, ko kwafi na tsayawa a wuri ɗaya, ka kashe nan take, kada ka matsa masa, kuma kada ka bar Windows ta yi masa gyaran da take tayi. Irin wannan da ddrescue na Linux ake bi, wanda ke kwashe wuraren lafiya tukuna ya dawo kan masu ciwo daga baya.

Na biyu, ƙwayoyin cuta. Kwamfutar ɗakin wasa ta wancan zamani, wadda kowa ke zura mata kle, da wuya ta tsira daga irin su Sality da ke maƙalewa a jikin kowane .exe. Buhunan .afs da fayil ɗin zaɓuɓɓuka bayanai ne, ba sa tashi da kansu, haɗarin yana ga shirye-shiryen. Ka bincika kwafin da riga-kafi, ba na asali ba, don riga-kafi kan share abin da bai gane ba, kuma Kitserver na yawan shiga wannan tarko saboda yadda yake kutsawa cikin wasan.

Na uku, tada wasan. PES 6 na gudu a Windows 10 da 11 in aka saka masa tsofaffin fayilolin DirectX 9. Sai dai kwafe dosiyen kaɗai ba ya isa, yana neman a rubuta inda yake a rajistar Windows, in ba haka ba ya ce ba a saka shi daidai ba. Hanya mafi tsabta ita ce a saka wasan sabo daga faifansa, a tada shi sau ɗaya don ya ƙirƙiri dosiyen ajiya, sannan a ɗora dosiyen dat na yaya a kan sabon, a mayar da kitserver gurbinsa, a ƙarshe a sa fayil ɗin zaɓuɓɓuka. Ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa, don in ya tsaya ka san wanda ya tsayar da shi.

Kart memuwar da sede

Kada ka raina katunan nan biyu, don mai yiwuwa a Play 2 ya yi gyaran ba a kwamfuta ba. Katin mega 8 ne, ba batir a cikinsa, saboda haka yakan daɗe. Ana fito da abin da ke ciki ta hanyar tada uLaunchELF a kan Play ɗin, a kwafe ajiyar zuwa kle a tsarin .psu, sannan manhajar mymc ta shigar da ita katin makwaikwayin PCSX2 a kwamfuta. Za ka iya cin karo da .max ko .cbs ko .xps, duk ajiya ɗaya ce a riga dabam-dabam, ta na'urorin kwafi na lokacin. Abin da ke ruɗa mutane shi ne yanki: ajiyar da sunanta ya fara da BESLES ta faifan Turai ce, BASLUS ta Amurka. Kayanmu daga ko'ina suke shigowa, Kwatano, Kano, Dubai, don haka sau da yawa wasan ya ce kati fayau yake alhali ajiyar na nan, faifan ne ba na yankinta ba. In Play ta ce ka yi format ɗin kati, ka ce a'a, ka goge haƙoran katin ka sake gwadawa.

Sede kuwa, waɗanda aka gasa a kwamfuta su ne suka fi saurin mutuwa, rinin da ke riƙe rubutun zafi na cinye shi. Ka kwafe su yanzu. Na Play 1 ka yi su a tsarin BIN da CUE, ba ISO ba, don ISO na ɗaukar okte 2048 ne daga kowane yanki na faifan mai 2352, sai kiɗa da muryoyi su zube.

Akwai inda dabara ke ƙarewa, kuma gara ka ji tun yanzu. In wurin da fayil ɗin zaɓuɓɓuka ke kwance a disk ɗin ya mutu, ba manhajar da za ta ƙago sunayen da yaya ya rubuta, kuma saboda lissafin tantancewar nan, rabin fayil daidai yake da babu. Ni kuma daga Yamai ban ga disk ɗin ba, ban ji ƙararsa ba, duk abin da na faɗa a kan sunayen da ka lissafa na gina shi. Ka yi kwafin, ka buɗe 0_text.afs da gta3.img na kwafin da HxD, ka ɗauki hoton layukan farko da salula, ka haɗa da hoton jerin abin da ke cikin dosiyen wasan da girman kowane fayil da ranar da aka taɓa shi ƙarshe. In ranar 0_text.afs ta nuna 2011 ko 2012 alhali sauran na 2006 ne, to hannun yaya ya shiga cikinsa. In kuma disk ɗin ya fara ƙara, ka naɗe shi da tsumma mai kauri cikin kwali, ka ba wanda zai riƙe shi a cinya in zai hau motar Yamai, kada a jefa shi ƙarƙashi tare da buhunan albasa.